Shekarar da Keken Malam Ya Tsaya da Ƙafarsa

Ranar sunan 'yar Dije na ji ku a ɗakin baya kuna ba da labarin keken ubanku, kuna dariya har da riƙe ciki, sai na ce gara in gyara muku zancen nan tun ina da rai, kada in tafi a bar shi a karkace. Wannan ta ce ni na kori Auta daga gida. Waccan ta ce na ɗaure wa ɗa gindi na kunyata uba a gaban yayarsa. To duk ba ku nan a shekarar. Dije tana gidan mijinta a Bukkuyum, Sale yana Sakkwato wurin aiki, gidanmu na Gummi ya rage daga ni sai ubanku Malam sai ƙaninku Auta sai akuya. Ni kuwa kun san ni, ba mai yawo ba ce, kasuwa ma sai dole. Karatuna bai wuce na allo da ɗan ajin manya da aka yi mana a unguwa ba. Amma Allah ya ba ni kunne. Maganar da aka faɗa a tsakar gidana, ko ta shekara nawa, ina iya maido ta yadda ta fito daga bakin mai ita, har da tarin da ya yi a tsakiya.

Ubanku tun yana saurayi yake gyaran keke da faci a bakin kasuwa, kuma ba a taɓa jin ya faɗi magana ya janye ba. Wannan halin nasa mutane suna yabo a waje, ni nake shan wahalarsa a gida. Auta kuwa, wanda takarda ta san shi da Sanusi, ya gama makarantar koyon aikin wuta ya dawo, aiki bai samu ba. Kullum yana zaure da waya a hannu yana kallon mutanen wasu ƙasashe suna haɗa 'yan injuna. Ana nan sai wani abokinsa ya dawo daga Bagega, wurin haƙar zinari a ƙasar Anka, da sabon mashin da agogo mai walƙiya, ya zauna ya cika wa yarona kunne da zancen zinari. Ni na je gaisuwar mutuwa Yargalma a shekarun da gubar dalmar da ke cikin dutsen zinari ta yi ɓarna, na ga gidajen da aka share tsakar gida ba yaron da zai ɓata ta. Na kuma ji labarin rami da ke rufta wa mutane. Don haka da na ji kalmar Bagega a bakin Auta, sai da ludayi ya faɗo mini cikin miya.

Bayan kaka ne, da hantsi, ina bakin murhu. Malam yana zaune kan tabarma yana shafa wa tsohon kekensa mai, wanda ƙarfen kafe shi ya karye tun da daɗewa, kullum sai dai a jingina shi da bango. Auta ya durƙusa ya gaishe shi, ya kawo zancen tafiya. Malam bai ko ɗaga kai ba.

"Baba, izini nika nema. Kowa na tahiya, ni kaɗai na zamna awa tsohuwa."

"Ba ka zuwa."

"To sai yaushe, Baba?"

Malam ya yi tari, ya daki sirdin keken da tafin hannu.

"Rad da kekenga yat tsaya da ƙahwatai, babu bango, babu mai riƙo, ka tahi Bagega. Ko Bahar Maliya ka tahi."

A wurin ubanku wannan daidai yake da ya ce har abada. Mutum ne da ya tashi cikin kekuna, ya san keke in ba ya gudu faɗuwa yake yi. Ni ma na ji sanyi a raina, na ci gaba da tuƙa tuwona. Amma na ga Auta ya ɗaga kai ya kalli keken, irin kallon da akuyata take wa buhun dusa.

"Baba, ka ba ni aron shi?"

"Ɗauka. In ya tsaya ka gaishe mani da shi."

Tun daga ranar zaurenmu ya zama wani abu dabam. Auta ya cire wa keken duk abin da ke da nauyi, sarƙa da feda da maɓallin ƙararrawa, ya bar shi tsirara kamar kazar da aka fige. Ya je rumfar ubansa ya roƙo ƙafar keken yara wadda ba taya, irin wadda yara ke garawa a kan hanya, Malam ya ba shi yana dariya. Ya ɗaure ta a kan kariya, wurin ɗora kaya na baya, a gicciye, tana kallon baya, ya jera mata noti-noti masu nauyi a baki har ta zagaye. Shi faifai yake kiranta. Sannan ya aika Sakkwato aka kawo masa wani ɗan abu da bai fi farcen babban yatsa ba. Na tambaye shi ko laya ce. Ya ce shi ne abin da ke cikin waya, wanda in ka kwantar da ita hoton ya juya. Shi yake ji in keke ya fara karkata, ya gaya wa inji, inji ya juya faifai.

"To in faifan ya juya, sai mi?"

"Inna, hau turmi ki gani."

Ni da girmana ya sa na hau turmin da aka kife, yana riƙe da zanena. Ya ɗan tura ni, sai ga hannayena suna juyi a sama kamar mai korar tsuntsu a gonar gero.

"Kin gani? Wa yac ce maki ki juya hannu? Ba ki dahe komi ba, amma kin koma daidai. Shi na aikin faifan. In keke za shi hwaɗuwa dama, faifan shi ruga dama da ƙarhi, sai shi ture keken shi koma hagu."

"Can inda za a hwaɗi, can za shi ruga? Wanga ai hauka na."

"Haka Allah yay yi abin, Inna."

Na sauko ina salati. A zuciyata kuwa na yi wani lissafi irin namu na uwaye. Muddin yaron nan yana fama da keke, yana gida, yana cin tuwona, ina jin motsinsa. Ranar da ya gaji ya jefar, ina tsoron ya sulale ba izini. Ranar da ya yi nasara kuma, ya tafi da izini. Sai na shiga wata addu'a da ban taɓa jin wani malami ya koyar ba. Bayan kowace salla ina cewa, ya Allah ka sa ya kusa, kada ka sa ya kai. Da ya zo yana sosa ƙeya ya ce injin fankata mai caji yake so, ga zafin bazara ya fara, ban yi gardama ba. Na miƙa masa na ɗauki maficin kaba. Zafin Gummi kun san shi. Na sha shi da daɗin rai.

Gwajin farko a tsakar gida aka yi. Auta ya tsayar da keken, ya danna makunni, ya saki. Ashe ya juya igiyoyin wuta, na nan sun koma can. Maimakon keken ya faɗi a hankali yadda kekunan Allah ke faɗuwa, sai ya yi kamar an mare shi, ya doka kansa da ƙasa da gayya, ya haɗa da randata. Ruwa ya malale, kaji suka watse, Malam ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

"Auta, ai ka ci gaba! Da shi kaɗai shika hwaɗuwa, yanzu ka koya mai sauri."

Bayan ya gyara wannan sai aka ga injin fankata ba shi da ƙarfi, keke ya yi masa nauyi. Na yi asarar fanka a banza. Ya samo wani inji mai ƙarfi wurin masu gyaran wutar mota, da batirin mashin. Wannan kuma ƙarfin ya yi yawa, keken ya riƙa kaɗawa dama da hagu kamar mai rawar ganga, kowane kaɗawa ya fi na baya, har ya kife. Wata rana noti ɗaya ya kwance ya tashi sama kamar harsashi, ya huda mini kwanon sha, ya wuce ta kan katanga, muka ji maƙwabciya tana tambayar wa ke jifan tantabarunta. Akuyata ta koyi darasi kafin kowa. Da ta ji ƙarar injin ta fara, sai ta tashi da kanta ta shige bayan rumbu. Ita kuwa ta rama, don ta taɓa cinye masa igiyoyin wuta kaf, ja da baƙi, ya yi kwanaki ba ya gaishe ta.

Damina ta shigo, keke ya fara tsayawa na ɗan numfashi. Zai tsaya yana rawar jiki kamar mai zazzaɓi, faifan yana ƙara gudu, yana ƙara kuka, har ya kai inda ba zai iya ƙarawa ba, sai duka su tafi ƙasa. Auta ya ce batirin ne ya rinjayi gefe guda, shi ya sa faifan yake ta gudu wuri ɗaya har ya gaji. Shi faifai gyara ɗan kuskure ya iya, ba ya iya ɗaukar kayan da aka ɗaura a karkace. Ya yi ta matsar da batiri, yana ɗaura ɗan dutse nan, yana cirewa can, yana danne-danne a waya. Ni ina kallo ina ƙara ƙaimi a addu'a. Sai dai in faɗa muku gaskiya, wani lokaci in keken ya ɗan jima a tsaye sai in ji bakina yana cewa tsaya, tsaya, kafin in tuna ni ba ɓangaren tsayawa nake ba. Malam kuwa dariyarsa ta fara raguwa. Ya daina ba'a, ya koma wucewa ta zaure da sauri yana kallon gefe.

An fara yankan gero Gwaggonku Asabe ta zo mana kwana biyu daga Anka. Ita ce yayar Malam, ita ta goye shi, ita kaɗai ce a duniya take kiransa Garba gatsal ya amsa. Ni kuma har na yi jikoki Amarya take ce mini. Da la'asar muna zaune tana ɓare gyaɗa, Malam ya dawo daga masallaci, sai ga Auta ya turo keke tsakar gida. Ya tsayar, ya danna, ya ɗauke hannu, ya ja da baya ya harɗe hannuwa.

Keken ya tsaya. Faifan yana ɗan motsi, nan kaɗan, can kaɗan, yana gurnani ƙasa-ƙasa kamar kyanwa. Muka jira faɗuwa, ba ta zo ba. Wata kaza ta bi ta ƙarƙashinsa ta wuce. Auta ya sa yatsa ya ɗan ture sirdin, faifan ya yi wuf, keken ya dawo ya miƙe kamar an yi masa rashin kunya ya ƙi kulawa. Gwaggo ta saki gyaɗa.

"La'ilaha illallahu! Amarya, wa ka riƙe da shi?"

"Ba kowa, Gwaggo."

Auta ya durƙusa gaban ubansa.

"Baba, ga shi ya tsaya. Na gaishe maka da shi."

Malam ya tashi ya zagaya keken. Ya duƙa ya leƙa ƙasa ko akwai zare. Ya ɗaga kai ya duba sama. Sai fuskarsa ta washe, ya nuna faifan.

"Wagga mi ce?"

"Faifai na, Baba."

"Faifan wa? Ni nab ba ka ita da hannuna, daga rumhwata. Ƙahwak keken yara ta. Allah ƙahwa biyu yab ba keke, kai ka ƙara mai ta ukku. Ko keken guragu ma na tsayawa da ukku. Ba a yi komi ba."

Aka kaure da gardama. Auta ya ce ba taya a jikinta, Malam ya ce mutum in ya cire takalmi ƙafarsa ba ta zama faifai. Gwaggo ta saurara har ta gane abin da ake ciki, sannan ta yunƙura ta tashi da sandarta. Ta je ta zura sandar tsakanin faifan da ƙasa, ta kaɗa ta nan da can, sandar ba ta taɓa komai ba.

"Garba."

"Na'am, Yaya."

"Ni na goye ka. Sa'ad da kana bisa bayana, ƙahwahunka na lilo, da ƙahwa nawa nika tahiya? Huɗu?"

Ta daki ƙasa da sandar, ta ci gaba.

"Abin da aka goye ba shi cikin lissahin ƙahwa. Keken ga goyo yay yi. Biyu na."

Na ɗauka an gama. Amma ubanku ya koma ya zauna, ya gyara hula, ya yi tari irin na ranar farko, ya kawo wata sabuwa.

"Ai ni ba keke nac ce ba. Cewa niy yi, rad da kat tsaya da ƙahwakka. Kai. Ka samu sana'a, ka riƙe kanka. Yaro ya ji rabin magana ya tahi shina ta wahal da ƙarhe."

Kun ji inda zancen ya tsaya. Ƙafarsa ko ƙafarka. A bakinmu na nan, ƙahwatai ko ƙahwakka, ɗan guntun sauti ne a wutsiyar kalma, kuma shekara ta kusa zagayowa da faɗarsa. Ban ce ubanku ƙarya ya shirya ba. Na san mutumin. Tsoro ne ya kama shi, irin wanda ke cina, har ya fara jin kamar haka ya faɗa. Auta kuwa ba zai ƙaryata ubansa ba. Gwaggo ta juyo gare ni.

"Amarya, ke aka ce kina da kunne. Kina nan?"

"Ina nan, Gwaggo. Ina bakin murhu."

"To mi yac ce?"

Malam ya kalle ni. Duk zamanmu bai taɓa roƙona da ido ba sai ranar. In na ce ƙahwakka, ɗana ya zauna, mijina ya fita kunya, ba wanda zai iya kama ni. In ma na ce na manta, ya isa. Na kalli Auta, ga tabon ƙuna a yatsunsa, ga wuyansa ya rame. Na kalli keken, har lokacin yana tsaye yana gurnani, ba wanda ya tuna ya kashe shi. Yaron nan da ya ga dama da tuni ya hau motar Anka ba sallama, yadda 'ya'yan wasu suka yi. Bai tafi ba, ya zauna ya ɗauki maganar ubansa da nauyinta. In muka nuna masa maganar gidan nan roba ce, ana ja tana miƙewa, to gobe ba zai sake durƙusawa ya nemi izinin kowa ba.

"Ƙahwatai yac ce. Ya yi tari, ya daki sirdi, yac ce rad da kekenga yat tsaya da ƙahwatai, babu bango, babu mai riƙo. Har da Bahar Maliya a ciki."

Malam ya tashi ya shige ɗaki. Daga ciki muka ji muryarsa.

"Shi tahi. Na hwaɗi, ba ni janyewa."

A daidai nan batir ya ƙare, keken ya kwanta kan akuya, wadda ta yi kuskuren fitowa daga bayan rumbu.

Abin da ya biyo baya ba dariya a cikinsa sosai. Malam ya yi makonni ba ya ce mini komai sai ina ruwa, ina buta. Tuwo yana ci, amma ba ya cewa ya yi daɗi, kuma kun san a wurinsa wannan hukunci ne. Ni kuma da na ga tafiyar ta tabbata, ban yi kuka a gaban Auta ba, ban riƙe masa riga ba. Na tuna hawan turmi, can inda za a faɗi, can ake rugawa. Na daka masa yaji, na soya masa gyaɗa, na wanke kayansa, na yi ta rawar jiki har ya tambaye ni ko dama na gaji da shi ne. Daga nan ne kuka samo zancen wai na kore shi. Abu ɗaya na roƙa, na ce ya tafi da akwatin kayan aikinsa, kuma kada ya ci abinci da ƙurar dutse a hannu. Ya ce rami za shi, me zai yi da kayan wuta. Na ce ya ɗauka dai, ko don ya zauna a kai.

Ya tafi. Damina biyu ya yi a can. Duk waya ta yi ƙara sai in bar abin da nake yi in ruga, duk aka ce hanyar Anka ba lafiya sai in kwana kan tabarmar salla. Ya shiga rami da farko, bai ɓoye mini ba. Daga baya aka gane yana iya tayar da injin jan ruwa da janareta, sai masu rami suka hana shi sauka, suka ce ya fi musu amfani a sama. Zinari dai ban ga ko ƙwaya ba. Ya dawo da kuɗin kama shago, da rabin ɗan yatsan hagu da bel ɗin inji ya bar masa. Duk ranar da na ga hannun nan yana karɓar kwano sai in tuna da bakina aka buɗe ƙofar. Ban yi nadama ba, amma ban daina gani ba.

Shi kuwa ubanku, bayan tafiyar yaron da ɗan lokaci, ranar nan ya tsaya bakin ɗakin girki yana kallon sama, ya ce ko na lura da inda ake danna abin nan. Da wannan muka shirya. Na nuna masa, ya kai batir caji, ya tura keken har rumfarsa. Ranar kasuwa sai ya kafa shi a gaba ya kunna, Fulani masu kawo nono da 'yan ƙauye su taru suna salati, shi yana zaune yana faci kamar bai san ana yi ba. In an tambaye shi sai ya ce, aikin ɗana ne, ni na ba shi ƙafar. Yanzu shagon Auta yana jikin rumfar, suna faɗa kullum a kan wa ya ɗauki filayar wa.

Wannan shi ne zancen yadda yake. Ina cikin rubuta shi a tsakar gida ubanku ya tambayi abin da nake ta fama da shi tun safe, na karanta masa. Ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba, ya ce duk haka aka yi, sai wuri ɗaya.

"Ki rubuta ukku na."

To ga shi na rubuta ya ce uku. Biyu ne.